Dare Ya Raba, Ido Biyu: Damuwa da Rashin Barci a Damagaram

Idan bazara ta kankama a Damagaram, ƙarfe biyu na dare ba lokacin shiru ba ne. A Zango da Birni da Sabon Gari, bangon laka da na siminti sun wuni suna shan ranar da kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, da dare kuma su riƙa amayo zafin cikin ɗakuna, har kusan kowa ya fito da shimfiɗarsa tsakar gida. A wani gida mace ce zaune gindin famfo da jarkoki, domin a garin da ƙarancin ruwa ya zama tsohon labari, akwai unguwannin da sai dare ya raba ruwan ke zuwa. A bakin titi samari ne a fada, butar shayi na kan gawayi. Can kuma ga magidanci da ya kwanta tun bayan isha'i, ba ya jiran ruwa, ba ya hira da kowa, gidan sauronsa a ɗaure, amma idonsa biyu. Yana saƙa da warwara a kan kuɗin haya, da bashin kayan da ya ɗauka a Kasuwar Dole, da buhun hatsin da ya kusa ƙarewa.

Dukansu za su tashi da jajayen idanu, amma ba abu ɗaya ke damunsu ba. Mai jiran ruwa hana ta barci aka yi, ranar da ruwa ya wadata za ta yi barcinta har da minshari. Ɗan fada shi ya ba da nasa barcin da hannunsa. Magidancin nan shi ne mai ciwon rashin barci a ma'aunin likitoci: yana da lokaci, yana da makwanci, barcin ne ya ƙaurace masa. Idan hakan na faruwa aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, kuma yana taɓa aikin mutum da rana, to ya zama ciwo mai zaman kansa. Da wuya ka ji wani ya faɗa. Da safe a ce masa “an tashi lafiya?” ya ce “lafiya lau”, sai in ta matsa ne zai ce wa amininsa tunani ya yi masa yawa, shi kuma ya ce masa ya rage tunani, kamar dai abu ne da ake ragewa da umarni.

Abubuwa biyu ne ke kawo barci. Na farko wani sinadari ne mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka. Gwargwadon daɗewarsa a farke, gwargwadon nauyin idonsa. Na biyu agogon jiki ne, wanda hasken rana ke saitawa, shi ke sakin sinadarin melatonin idan duhu ya yi, shi kuma ke sauke zafin cikin jiki kaɗan kafin barci ya zo. Wannan saukar zafi ita bazara ke hanawa, shi ya sa ko mai kwanciyar hankali yakan sha juyi a watan Mayu. Damuwa kuwa tana zuwa ne ta danne su duka biyun. Idan hankali ya hango haɗari, jiki kan saki adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su ɗaure, kunne ya buɗe. Tsari ne da aka halicce mu da shi don tsira daga abin da zai iya hallaka mu, sai dai jiki ba ya bambanta kura da mai bin bashi. Kotizol ya kamata ya yi ƙasa da dare ya tashi gab da asuba. A jikin mai damuwa sai ya ƙi sauka a kan lokaci.

Kuma Damagaram ba ta rasa abin damuwa ba a 'yan shekarun nan. Gari ne da cinikinsa ke kallon kudu tun zamanin da fatake ke sauke kaya a Zango, hanyar Matamaye da Magarya zuwa Daura da Kano ita ce jijiyarsa. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe ta, aka kuma yanke wutar da Nijar ke samu daga Najeriya, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. A tsakanin nan darajar naira ta faɗi, wanda ya sayar da dabba ko wake a Kano ya dawo ya canji kuɗin ya ga sun zama ba komai. Duk wanda ya kasa runtsawa a waɗannan watanni ba shi da wata cuta. Hankalinsa ne ke aiki yadda ya kamata.

Abin tambaya shi ne wanda har yau bai koma barcinsa ba, alhali iyaka ta buɗe, bashin ma ya biya. A nan ne bayanin wani masanin barci ɗan Amurka, Arthur Spielman, wanda ya fitar a 1987, ke da amfani. Ya ce abu uku ke haɗuwa. Akwai halitta: wani dama barcinsa ba nauyi, motsin akuya ma yana tashe shi. Akwai abin da ya tono ciwon: rasuwa, asara, jarrabawa, rikicin aure. Sai na uku, wanda ke raya ciwon bayan musabbabinsa ya wuce, kuma wannan na ukun ba komai ba ne illa dabarun da mutum ya ƙirƙiro don ya rama barcin da ya rasa. Yana kwanciya da wuri ko da bai ji barci ba. Yana komawa shimfiɗa bayan sallar asuba har hantsi. Yana doguwar ƙailula. Yana ƙara shayi da rana don ya iya tsayawa a shago. Kowace dabara cikin waɗannan tana da ma'ana idan ka dube ta ita kaɗai, amma a tare suna cinye adenosin ɗin da ya kamata ya taru, su rikita agogon jiki. Mafi muni, mutumin da ya yi makonni yana kwance ido biyu, ƙwaƙwalwarsa takan haɗa shimfiɗar da fargaba. Shi ne za ka ga yana gyangyaɗi a kan benci ana hira, amma da ya sa haƙarƙarinsa a katifa sai ido ya bushe. A wannan mataki ba bashi yake tsoro ba kuma, daren kansa yake tsoro.

Maganar shayi tana buƙatar gaskiya, ko da ba za ta yi wa 'yan fada daɗi ba. Ganyen shayin Sin da ake tafasawa har ya yi kauri, da goro, da Nescafé, da lemun kwalba masu ƙara kuzari, duk kafeyin ne a cikinsu. Aikin kafeyin shi ne ya toshe wuraren da adenosin ke sauka a ƙwaƙwalwa, gajiyar na nan amma ba a jin ta. Jiki na ɗaukar kimanin sa'a 5 kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, wato kofin ƙarfe tara na dare rabinsa na nan a jini da ƙarfe biyu. Wani bincike da Christopher Drake da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da sa'a 6 kafin kwanciya aka sha, yana rage barci da fiye da sa'a guda. Mai cewa “ni shayi ba ya hana ni barci” yana iya yin gaskiya a kan lokacin da barci ke ɗaukarsa, amma nauyin barcin ya ragu bai sani ba. Ba na cikin masu zagin fada. Ga saurayin da ba shi da aiki, nan ne majalisarsa, nan yake sauke abin da ke ransa, kuma wannan ma magani ne. Abin da zan ce kawai, mai fama da rashin barci ya sha nasa shayin kafin la'asar, da dare ya zauna a yi hira da shi ba tare da kofi a hannu ba.

Hanyar neman barcin da ta fi kowace haɗari ita ce ta tiren mai tallar magani. Diyazefam yana sa barci, babu musu, amma yana daɗewa a jiki fiye da kwana guda, don haka ɗan kabu-kabun da ya sha da dare yana tuƙi da sauransa washegari. Cikin 'yan makonni jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, ranar da aka daina kuma rashin barcin ya dawo fiye da na farko, mutum ya ɗauka ciwonsa ne ya ƙaru alhali janyewar maganin ce. Wanda ke shan taramol da rana don ƙarfin aiki, ya sha diyazefam da dare don ya sauka, yana wasa da numfashinsa, domin haɗuwarsu na iya tsayar da shi cikin barci. Wanda ya riga ya daɗe a kai kada ya yanke lokaci guda, hakan na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya; a hannun likita ake ragewa sannu a hankali.

To mene ne magani? Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar cewa matakin farko ga rashin barci mai daɗewa shi ne gyaran ɗabi'a da tunani, tsarin da ake taƙaita sunansa da CBT-I, ƙwaya kuwa sai in an rasa yadda za a yi. Littattafan da ke bayaninsa sukan ɗauka kowa na da ɗaki shi kaɗai mai sanyi da labule, abin da ba haka yake ba a gidan da mutum shida ke kwana a tsakar gida ɗaya. Amma ginshiƙinsa muna da shi tun kafin a rubuta: tashi a lokaci ɗaya kowace rana. Kiran sallar asuba wajen ƙarfe biyar ya riga ya yanke mana wannan. Abin da ya rage shi ne kada a koma bayan an idar, komai munin daren da ya wuce, a fita a ga hasken safiya. Mako na farko da wuya, amma gajiyar da ta taru ita ce za ta kwantar da mutum da dare.

Sai ƙa'idar da Richard Bootzin ya tsara a 1972: kada a hau shimfiɗa sai barci ya zo, idan kuma an yi kamar minti 20 ana juyi, a tashi. A gidanmu ma'anarta a bar katifar a koma kan wata tabarma ko kujera, cikin duhu ko ɗan haske kaɗan, a ja carbi ko a saurari wani abu mai sanyi, sai ido ya yi nauyi a dawo. Ba duba agogo, ba buɗe WhatsApp, don saƙon da ke ciki ya fi hasken wayar tayar da hankali. Ƙailula kuwa a yi ta, amma gajera, kamar minti 20 zuwa 30 kusa da azahar; wadda ta zarce la'asar daga barcin dare ta ci. Direbobin manyan motoci da masu farfaɗiya kada su rage lokacin kwanciyarsu sai da shawarar likita.

Ga shi kansa tunanin, akwai dabara mai araha. A 2018 Michael Scullin na Jami'ar Baylor ya gwada sa mutane su yi minti 5 suna rubuta ayyukan da ke gabansu kafin su kwanta, sai aka ga barci ya fi saurin ɗaukarsu da kimanin minti 9 a kan waɗanda suka rubuta abin da suka riga suka gama. Binciken ƙarami ne, amma hikimarsa a fili take: ƙwaƙwalwa na maimaita abu ne don kada ta manta. Ɗan kasuwa ya rufe lissafinsa a takarda bayan magariba, da boko ko da ajami, wanda ba ya rubutu ya faɗa wa matarsa ko ɗan'uwansa. Zafi kuma a yi masa abin da za a iya: watsa ruwa kafin kwanciya idan ruwan ya samu, yayyafa wa ƙasa, kwana inda iska ke ratsawa, amma cikin gidan sauro.

Farkawa cikin dare ita kaɗai ba ciwo ba ce. Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna a littafinsa na 2005 cewa kafin zuwan fitilun zamani Turawa ma barci biyu suke yi, su farka tsakani su yi addu'a ko hira su koma. Mai tashi tahajjudi a sulusin dare na ƙarshe ya san wannan. Abin da ke mayar da farkawa ciwo shi ne firgitar “wayyo, ga shi kuma”. Haka ma maganar sa'a 8; yawancin manya na buƙatar 7 ko sama, dattawa kuma barcinsu kan yi sauƙi ya riƙa yankewa, ba tare da wata illa ba.

Akwai dai inda dabarar gida ba ta isa. Mutumin da ke minshari mai ƙarfi, matarsa ta ce numfashinsa na ɗaukewa sai ya zabura, musamman mai ƙiba ko mai hawan jini, hanyar iskarsa ce ke toshewa, kuma ƙwayar barci ƙara masa take yi. Wanda ke farkawa tun kafin asuba da ƙunci a ƙirji, abinci ya fita ransa, hira ta fita ransa, har yana jin gara ma ya mutu, wannan ciwon baƙin ciki ne mai magani, kuma mai jego na iya kamuwa da shi ana cewa hidimar jariri ce kawai. Irin waɗannan a kai su asibitin unguwa, daga nan a tura su Babban Asibitin Ƙasa na Zinder idan ta kama. Mai zuwa ya tafi da wanda ke kwana kusa da shi, don shi ya san abin da ke faruwa cikin dare, ya kuma tafi da kwalin duk wani magani da yake sha, har da wanda ya saya a bakin tasha.