Zafin Tsakar Gida Ba Shi Ne Na Rediyo Ba

Idan rediyo ta ce zafin Kano ya kai digiri 40 a watan Afrilu, awon hukumar NiMet take faɗa, daga tasha irin ta filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Can ma'aunin yana cikin farin akwati mai shan iska, rana ba ta taɓa shi, kuma an ɗaga shi daga ƙasa. Tumatirin da aka shuka cikin buhu a wani gida a Daurawa bai samu wannan gata ba. Katangar bulo, daɓen siminti da rufin kwano suna wuni suna shan rana, dare ya yi su sako zafin. Saboda haka mai lambun gida, a Daurawa ko Gyadi-Gyadi, ya fi bukatar awon gidansa fiye da na gari.

Gida ɗaya ma yanayinsa ba ɗaya ba ne. Bangon da ke fuskantar yamma yana karɓar ranar la'asar, ya riƙe ɗumi har bayan isha'i, alhali ƙarƙashin darbejiya akwai sauƙi. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka da hunturu ranar tsaka tana karkata kudu, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuma ta koma arewa: lungun da ke da inuwa a Janairu yana iya zama a rana a Yuni. Furen tumatir kan zube idan zafin rana ya doshi digiri 35 kuma dare bai huce ba, shi ya sa manoman Kadawa ke nomansa da sanyin hunturu. Latas kan yi ɗaci, amma kuɓewa, yakuwa da zogale suna jurewa. Aunawa ita ce za ta nuna mazaunin kowannensu. A rataye ma'aunin zafi daidai tsayin shuka, a kare shi daga hasken rana, a rubuta abin da ya nuna da asuba da kuma tsakanin azahar da la'asar, wuri uku ko huɗu, har mako guda.

Wani zai ce iyayenmu sun yi lambu ba da na'ura ba. Gaskiya ne, amma sun yi shi a fadama da gidan ƙasa, inda danshi ke rage kaifin rana. Siminti bai san wannan ba. Wani kuma ya ce ma'aunin kasuwa ba ya faɗar gaskiya. Ko da ya kauce da digiri ɗaya ko biyu, bambancin wuri da wuri ake nema, kuma ma'auni ɗaya da aka zagaya da shi zai nuna shi. Fatar mutum tana jin zafin rana, amma na dare, mai zubar da fure, yana faruwa kowa na barci. Wanda ya auna kafin ya shuka ya san inda zai kafa rumfar zana da inda zai matsar da buhunsa kafin bazara ta kama.