Ranar da aka ce wa ɗaliban Saudiyya su tattara littattafansu su bar Kanada

Mu a zango mun saba ganin 'ya'yanmu suna tafiya Azhar ko Jami'ar Musulunci ta Madina, har wasu ke ɗauka cewa Balarabe ba ya barin gida don neman ilimi. Alhali kuwa su ma jirgi suke hawa zuwa ƙasashen Turawa, kuma irin wuyar da suke sha a can ba kowa ke jin labarinta ba.

A shekarar 2005 ne gwamnatin Saudiyya ta kafa shirin tallafin karatu na Sarki Abdallah. Ita ke biyan kuɗin makaranta da na magani da na jirgi, ga alawus duk wata. Ɗaliba mace kuwa har muharraminta ake ɗaukar nauyi ya bi ta. Da yawansu sai sun shafe shekara guda ko fiye suna koyon Turanci kafin su taka ajin jami'a. Ya zuwa 2015 ɗaliban Saudiyya a Amurka kaɗai sun haura 60,000. Da farashin man fetur ya faɗi, sai aka tsaurara sharuɗɗan a 2016, adadin ya yi ƙasa.

To, amma babbar jarrabawar a Kanada ta auku. A farkon Agustan 2018 ma'aikatar harkokin wajen Kanada ta wallafa wani ɗan gajeren saƙo a Twitter, tana neman a saki masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam da ke tsare a Saudiyya, cikinsu har da Samar Badawi. Riyad ta ce wannan shisshigi ne. Cikin 'yan kwanaki ta kori jakadan Kanada, ta dakatar da jiragen Saudia da ke zuwa Toronto, sannan ta umarci dubban ɗalibanta su bar ƙasar kafin ƙarshen wata.

Mai karatu, ka sa kanka a matsayin wanda saura masa shekara guda ya kammala digirin digirgir. Ya biya kuɗin hayar gida, 'ya'yansa suna firamare, malamin da ke duba bincikensa yana nan Kanada. An ce za a mayar da su Amurka da Birtaniya da Ostareliya, to amma jami'a ba tashar mota ba ce da za ka sauka daga wannan ka haye waccan. Sabuwar makaranta na iya ƙin karɓar darussan da ka riga ka ci, ga neman sabuwar biza, ga zangon karatu saura kwanaki a fara. Wanda ya ce zai zauna kuwa, tallafi ya yanke, kuma kuɗin makarantar baƙo ya ninka na ɗan ƙasa.

Likitoci masu neman ƙwarewa, su kusan 1,000, su ne suka ɗan sami sassauci, domin asibitocin koyarwa na Kanada sun dogara da su wajen duba marasa lafiya. Daga baya aka bar su su ci gaba kafin a samar musu wani wuri. A ganina wannan ya nuna cewa tun farko ba a yi lissafin ɗalibi ba lokacin da ake yanke hukuncin. Sai da asibiti ya koka aka waiwaye shi.

Sai a watan Mayun 2023 ƙasashen biyu suka amince su mayar da jakadunsu, kusan shekara 5 bayan an kwashe ɗaliban.