Bangaskiya, Alheri Da Wahala: Amsoshin Da Maƙwabtanmu Kiristoci Ke Bayarwa A Kumasi

Ranar Juma'a 21 ga Maris 2025 gobara ta tashi a kasuwar Adum da ke tsakiyar birnin Kumasi, ta lashe shaguna masu ɗimbin yawa. Abin ya faru ne Musulmi na cikin azumin Ramadan, Kiristoci kuma na cikin nasu azumin na kwana 40 kafin Ista. Wuta dai ba ta tambayi addinin kowa ba, kuma tambayar da ta biyo baya iri ɗaya ce a bakin ɗan Aboabo da bakin ɗan Bantama: me ya sa Allah ya bari haka ta faru?

Mu mutanen Zango mun san tamu amsar, wato ƙaddara da jarrabawa. To amma kaɗan ne cikinmu suka san abin da maƙwabcin rumfa yake faɗa, alhali ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 71 cikin 100 na mutanen Ghana Kiristoci ne, Musulmi kuwa kusan kashi 20. Ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Kumasi da Paga ko Aflao ko Elubo, mafi yawan masu saye da ba shi bashi Kiristoci ne. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo amsoshinsu kamar yadda su suke faɗa, domin sani, ba domin jayayya ba.

Da farko, batun wahala. Kiristoci suna cewa ba kowace masifa ce horon zunubi ba. Suna kafa hujja da Annabi Ayuba, wanda ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya alhali yana mutumin kirki, da kuma labarin makahon nan na Linjilar Yahaya sura ta 9, inda Yesu ya ƙi yarda cewa laifin mutumin ko na iyayensa ne ya jawo makantar. A nan ba mu yi nisa da juna ba, tun da haƙurin Ayuba karin magana ne a wurinmu. Inda suka ƙara shi ne, a ganinsu Almasihu da kansa ya sha wahala, don haka wanda shagonsa ya ƙone bai kamata ya ɗauka Allah ya juya masa baya ba.

Na biyu, alheri. Mu idan muka ce alheri, muna nufin kyautar da mutum ya yi wa ɗan'uwansa. A bakin Kirista kuwa, kalmar tana nufin ceton da Allah yake bayarwa kyauta, ba ladan aiki ba. A harshen kasuwa, kamar mai bin bashi ne ya yage takardar bashin da ba za ka taɓa iya biya ba. Tambayar da mutanenmu kan yi ita ce: ashe ke nan mutum sai ya sheƙe ayarsa? Amsarsu a'a ce, suna nuni da wasiƙar Yaƙubu sura ta 2, wadda take koyar da cewa bangaskiyar da ba ta haifar da aikin kirki ba ta da rai. 'Yan Katolika da Furotesta sun daɗe suna muhawara kan matsayin aiki, amma babu ɓangaren da ya halatta tauye mudu.

Na uku, bangaskiya. A wurinsu ba sanin akwai Allah kaɗai ba ne, dogara ce, irin yadda fatake a zamanin cinikin goro suke miƙa kansu da dukiyarsu ga madugu daga Kano har Gwanja.

Na huɗu, Almasihu. Asalin kalmar Ibrananci ne, ma'anarta wanda aka shafa wa mai, wato zaɓaɓɓe, kuma fassararta ta Girkanci ce ta haifar da kalmar Kirista. Alƙur'ani ma yana kiran Annabi Isa da wannan laƙabi, kuma ɓangarorin biyu sun yarda budurwa Maryamu ce ta haife shi, kuma zai dawo. A nan ne kuma hanya ta rabu. Kiristoci sun gaskata an gicciye shi, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Suratun Nisa'i aya ta 157 kuwa ta kore kisan da gicciyewar. Suna kiransa Ɗan Allah, suna bayanin cewa ba haihuwa irin ta mutane suke nufi ba, kuma Allah ɗaya suke bauta wa. Musulunci bai karɓi wannan suna ba ko da wace fassara. Wannan bambanci na gaske ne, kuma ɓoye shi ba zumunci ba ne.

Waɗannan kalmomi ba baƙi ba ne a Hausa, domin tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu. Haka kuma zama da juna ba sabon abu ba ne a Ghana: a watan Afrilu 2019 Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Christ the King da ke Accra a ranar Ista, lokacin cikarsa shekara 100, bai kuwa bar addininsa a bakin ƙofa ba.

Saboda haka, Alhaji da Hajiya, idan hira ta kai ga addini a cikin motar Bawku ko a layin kwastan, a tambayi mutum abin da ya gaskata kafin a yanke masa hukunci. Idan kuma asara ta same shi, a je a yi masa jaje, kamar yadda muke so a zo mana. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya zaunar da mu lafiya, amin.