Wasan Kurket: Da Gaske Ana Kwana Biyar Ana Wasa Ɗaya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya rubuto cewa ya ji a rediyo an kwana biyar ana wasan kurket, aka tashi ba wanda ya ci. Da ya ba da labarin a rumfa sai abokansa suka ƙaryata shi. Yana so mu raba gardama.

AMSA: To Malam, kunnenka bai yaudare ka ba, gaskiyarka ce. Kurket wasan Turawan Ingila ne, an rubuta dokokinsa tun 1744, kuma su suka kai shi ƙasashen da suka mulka, irin su Indiya da Ostareliya. Karawar farko ta irin wannan dogon wasa an yi ta a 1877, tsakanin Ingila da Ostareliya a birnin Melbourne.

Ga yadda yake. Kowane ɓangare mutum 11 ne. A tsakiyar fili ana kafa turaku uku a jere, a aza 'yan guntayen itace biyu a kansu, a kafa wasu ukun daura da su, tsakaninsu yadi 22. Mai jifa zai sheƙo a guje ya wurgo ƙwallo don ya kaɗe turakun. Mai tsaro kuwa yana gabansu riƙe da faffaɗan katako, kamar muciya amma ya fi ta faɗi. Ƙwallon bai kai dunƙulen hannu ba, an rufe shi da fata, ga tauri kamar goriba. Shi ya sa mai tsaro ke ɗaura matashi a ƙwauri, ya sa safar hannu da hular kwano.

In ya make ƙwallon, shi da abokinsa da ke ɗaya gefen sai su yi musayar wuri a guje, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ya gangara ya fita iyakar fili, maki 4 ke nan. In ya tsallake ta sama, 6.

To ina jinkirin yake? Mai tsaro ba ya fita sai an fitar da shi, misali a kaɗe turakunsa ko a cafe ƙwallon da ya doka kafin ya taɓa ƙasa. Gwani yana iya wuni cur bai gusa ba. Kuma sai an fitar da mutum 10 ɗaya ɓangaren zai karɓi katako, ga shi kowane ɓangare sau biyu yake yi. Ana wasa kamar awa shida a rana, a tafi cin abinci, a tafi shan shayi. Ruwan sama da kai kake roƙo, su abokin gabarsu ne, yana saukowa sai a dakata. In rana ta biyar ta faɗi ba a gama ba, an tashi ba ci, komai yawan makin wani.

Amma akwai gajeru. Akwai na wuni ɗaya, wanda da shi ake Gasar Kofin Duniya tun 1975, da na kamar awa uku da aka ɓullo da shi a 2003.

In abokan naka sun ce kwana biyar ya yi yawa, ba su labarin 1939. A birnin Durban, Ingila da Afirka ta Kudu suka shirya ba tashi sai an sami gwani. Aka shafe fiye da mako guda ana fafatawa, daga baya dole aka bar wasan ba ci, don kada jirgin ruwan da zai mai da 'yan Ingila gida ya tashi ya bar su.