Hulba, Ƙaro da Kitsen Jini: Nasiha ga Masu Ciwon Sukari

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kakuri, ko ya bi titunan Makera da Barnawa bayan la'asar, da wuya ya rasa ganin masu magungunan gargajiya sun jera ƙullin hulba da kirfa da garin zogale, suna yi wa masu ciwon sukari albishir cewa da waɗannan za su narkar da kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolestarol. Wannan magana tana da asali, domin masanan ƙasar Indiya, ma'abota ilmin ɗibbun nan da ake kira Ayurbeda, tun zamanin da suke ba masu ƙiba da masu zaƙin fitsari hulba, da wani ɗan itace mai ɗaci dangin garafuni, da ƙaron wata bishiya mai suna guggul, 'yar'uwar dashin da ke dazukanmu.

Amma daɗewar abu ba ta zama hujja sai an jarraba shi. A shekarar 2003, masu bincike a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka sun ba mutane fiye da 100 ko dai ƙaron nan ko ƙwayar da ba magani a cikinta, sai ga shi mugun kitsen bai ragu ba, ya ma ɗan ƙaru, wasu kuma ƙuraje suka feso musu. A 2004 kuma aka auna magungunan Ayurbeda 70 da aka sayo a birnin Bostan, aka tarar 14 suna ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar arsanik. Ita hulba, alhamdu lillahi, tana da fa'ida, saboda yauƙinta yana jinkirta shigar sukari cikin jini, sai dai fa'idar kaɗan ce, kuma idan ta haɗu da maganin asibiti ba da lissafi ba, sukari na iya faɗuwa har mutum ya suma.

Abin da ya sa lamarin ya zama wajibin kulawa shi ne, sukari yana raunana bangon jijiyoyi, kitse kuma ya liƙe a wurin da ya raunana, sannu a hankali hanyar ta ƙuntata, alhali mutum yana cin tuwonsa bai ji ciwon komai ba, sai ranar da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ta riske shi. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya kan masu ciwon sukari kusan 6,000 ya tabbatar da cewa ƙwayar simbastatin, mai rage kitsen jini, tana rage irin wannan musiba da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai karatu, ka je asibiti, ko na Gwamna Awan ko wanda ya fi kusa da kai, a auna jininka; ka rage soye-soye da kitsen nama, ka riƙa tafiya da ƙafa, ka duba lambar NAFDAC a jikin kowace kwalba. In kana shan hulba, ka gaya wa likita, kada kuma ka ajiye maganinsa dominta. Lafiya amana ce, Allah ya ba mu ikon kiyaye ta.