Me ke sa Adaidaita Sahu kifewa a kwana?

Da yawa daga cikinmu a Adaidaita Sahu muka yi zirga-zirgar sakandare, kuma har yanzu da muke jami'a shi ne motarmu. Ku ma ƙannenmu haka abin yake, safe da rana kuna ciki, jaka a cinya. Amma da wuya a ga fasinja ya sunkuya ya dubi taya kafin ya shiga. Cinikin kuɗi ake yi, sai a faɗa ciki. Alhali tayoyin nan uku, da kowacce wurin da take taɓa kwalta bai fi tafin hannu ba, su ke ɗauke da ran mutum huɗu ko biyar.

Babur ɗin ba ɗan gida ba ne. Yawancin waɗanda ke titunanmu ƙirar Bajaj ne da TVS daga Indiya. A Legas an san shi da Keke Marwa, sunan Buba Marwa da ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. Sunan Keke Napep kuma ya samo asali ne daga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta kawo shi a 2005 domin ɗaukar mata, sai ya gaji sunan shirinta na A Daidaita Sahu. Da aka hana acaba a watan Janairun 2013, gari ya zama nasa.

Ku ɗauko takarda ku ɗiga ɗigo uku, ɗaya a gaba, biyu a baya, ku haɗa su da layi. Zanen nan mai kusurwa uku shi ne iyakar gindin Adaidaita. A darasin fiziks na SS2 an koya muku cewa kowane abu yana da tsakiyar nauyi, kuma ba zai faɗi ba muddin layin da ya sauko daga wannan tsakiya yana cikin gindinsa. Murhu ma duwatsu uku ne, tukunya ta zauna daram. Sai dai murhu ba ya shan kwana.

Idan matuƙi ya karya kai zuwa hagu, nauyi yana turuwa dama. Ɗan acaba kwantar da babur yake yi ya bi kwanar. Mota kuwa tana da taya a kusurwar gaba ta dama da za ta tokare. Adaidaita ba ya kwanciya, kuma babu komai a wannan kusurwa. Nauyin sai ya tattaru a kan layin da ya haɗa tayar gaba da tayar baya ta dama, ta hagu ta fara yin sauƙi, in abin ya yi yawa ta ɗage. Ƙarfin turin nan ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkin ba ninki yake yi: wanda ya shiga shataletale da gudun kilomita 40 a awa yana fuskantar turi ninki huɗu na wanda ya shiga da 20. Mafi muni shi ne taka birki a tsakiyar kwana, domin birki yana jefa nauyi gaba, can inda zanen ya tsuke. Shi ya sa gogaggen matuƙi ke rage gudu tun kafin ya iso.

To ina iskar taya ta shigo? A kwanar hagu tayar baya ta dama ce ke ɗaukar kusan dukkan kayan. Idan iskarta ta yi ƙasa, gefenta zai lanƙwashe, babur ya ƙara karkata wajen da dama can yake son faɗuwa. Ko a miƙaƙƙen titi, in iskar tayoyin baya biyu ba ɗaya ba ce, babur zai riƙa jan gefen mai saɓa, matuƙi ya wuni yana kokawa da kai. Taya mai ƙarancin iska tana murɗewa a kowane juyi, murɗewar tana haifar da zafi, zafin kuma shi ke raba robar da zaren cikinta har ta fashe. Tana kuma shan fetur, abin da ya kamata ya dami duk wanda ke neman kuɗin balas kafin magariba.

Wasu matuƙan sai su ce a ɗura ta da yawa don ta ɗauki lodi. Nan ma da matsala. Taya ta yi tauri kamar ƙwallo, wurin da take taɓa ƙasa ya ragu, ta riƙa tsalle a kan gargada, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe komai. Ita taya ba ta ɓoye sirrin mai ita. In gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, an daɗe ana tafiya da ƙarancin iska. In tsakiya ce ta zama sanƙo, iska ce ke yawa.

Ga wani abin da mutane da dama ke kuskure a kai. Lambar PSI da aka rubuta a jikin taya ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka. Adadin da ya dace a sa yana cikin littafin kamfanin da ya ƙera babur ɗin, na gaba da na baya. Dukan taya da ƙafa ko matsa ta da yatsa, kamar yadda muke gani a wajen masu faci, ba awo ba ne. Geji ake sawa, kuma da safe, kafin a fara aiki. Dalilin yana cikin littafinku: iskar da ke rufe ƙarfinta yana hawa da zafi, kusan PSI 1 a duk digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Salshiyas. Ku kwatanta asubar hunturu da azahar ɗin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40. Wanda ya auna taya da rana tsaka ya ga ta hau, ya sace mata iska, gobe da safe zai fito da taya mai saɓa.

Saura saitin ƙafa, wanda bakanikai ke kira alaimen. Ma'anarsa tayoyin uku su fuskanci hanya ɗaya, kuma su tsaya yadda aka ƙera su. Ƙafar Adaidaita ƙarama ce, wilinta inci 8 kawai, don haka ramin da tayar mota za ta haye ita faɗawa take yi. Duka ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa wili ko ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. Boris ɗin kai yana sakin jiki, robobin da ke riƙe ƙafafun baya suna cinyewa, shokozoba ɗaya ta mutu ta bar ɗaya. Alamomin a fili suke ko ga fasinja: kai yana rawa a hannun matuƙi in an ɗan ɗauki gudu, ko ya riƙe shi a karkace alhali hanya miƙe take, ko gefe ɗaya kawai na taya ya cinye. Wani babur ɗin in kana bayansa za ka ga yana tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa. Sabuwar taya ba ta maganin wannan, ita ma haka za ta cinye.

Mu a ganinmu ba matuƙi kaɗai ke da laifi ba. Mu fasinjoji ne ke cewa a matsa mu shiga don kada a rufe ƙofar makaranta. Ku koma kan zanenku ku duba inda ɗalibin da ya raɓa kusa da matuƙi yake zaune. Gaba ne, wurin da gindin ya fi tsukewa, kuma a gefe, kusan a kan layin kifewa. Buhu a kan rufi kuma yana ɗaga tsakiyar nauyi sama. In mutum ɗaya ne a baya, tsakiyar kujera ta fi masa. In biyu ne, kowa ya riƙe gefe. Kuma ba rashin kunya ba ne ɗaliba ta ce, "Malam, don Allah a rage gudu," ko ɗalibi ya ce, "Yaya, tayarka ta baya kamar ta yi ƙasa." Matuƙi a gaba yake, sau da yawa bai gani ba. In ka ga taya ta baje ko zare ya fito, ka bar shi ya wuce, wani na tafe.

Waɗanda ake da Adaidaita a gidansu, na uba ko na yaya, ga aikin ƙarshen mako. Ku nemi lambobi huɗu da ake bugawa a gefen taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2322 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana gargaɗin cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta. Daga nan ku ajiye babur a shimfiɗaɗɗen wuri, ku tsaya a bayansa ku ga ko ya jirkice gefe. Sai ku ari geji ku auna tayoyin baya biyu, ku rubuta abin da kuka samu, ku sake aunawa Asabar mai zuwa.