Ƙato da Babba a Bakin Mutanen Dilimi

Duk wanda ya zauna a rumfunan Dilimi da ke tsakiyar Jos, ya kasa kunne ga ciniki da gaisuwar mutane, lalle zai lura cewa Bahaushe bai ɗora ƙato da babba a kan mizani guda ba, ko da yake dukansu suna nuni ga abin da ya zarce ƙa'ida. Ƙato sifa ce ta jiki kaɗai. Injunan da Turawa suka kawo bayan da haƙar kuza ta kankama a farkon ƙarni na 20 ƙatti ne, haka ma ramukan da suka bari a Bukuru da Barikin Ladi, amma ba wanda ya jingina musu daraja saboda haka.

Girma kuwa, wanda daga gare shi ake auna babba, ya tattara faɗi da shekaru da martaba a lafazi guda, shi ya sa malamanmu, da suka zo fassara Al'azimu, suka ce Alƙur'ani mai girma. Ana kiran Sallar Layya Babbar Sallah, alhali raka'o'inta biyu ne tamkar na Ƙaramar Sallah. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne hadaya da haɗuwarta da kwanakin Hajji. Kasuwar Taminus ma, wadda gobara ta cinye a 2002, ba don tsayin gininta kaɗai aka ce mata babbar kasuwa ba, sai don yawan gidajen da suke ci daga gare ta.

A ganina, a nan ne hikimar kalmar take, domin ba a ba mutum girma sai tare da alhaki, kamar yadda magabata suka ce babba juji ne. Wanda kuwa ya ɗora wa kansa girman da jama'a ba su ba shi ba, sai a ce yana da girman kai, wato kibri, abin da shari'a ta zarga. A yau ana rubuta Mai Girma gaban sunan masu muƙami tun ranar rantsuwa, amma a garin da ya ga fitinun 2001 da 2008 da 2010, mutanen unguwa suna ajiye sunan babba ga dattijon da ya fito ƙofar gida, ya tsawata wa samari, ya kuma ɓoye maƙwabcinsa ba tare da tambayar addininsa ba.